Tudun Bayan Ramin Dutse: Abin da Muka Koya Game da Tsalle da Babur



Maganar nan ta daɗe a bakinmu. Tun bayan ƙaramar Sallah muke cewa za mu sa ta a shafin ƙungiya, sai wani ya ce a bari ƙura ta lafa, wani ya ce kada a ce muna koya wa yara ganganci. Yanzu yaron da abin ya faru a kansa ya fara takawa da sanda, mahaifiyarsa kuma ta ce mu faɗa, in dai ba za mu kama suna ba. To ga ta.

Duk wanda ya zauna a Mpape ya san garin nan a kan dutse yake. Sunan ma, in ji Gwarawa masu ƙasa, dutse yake nufi. Daga nan aka fasa da yawa daga cikin duwatsun da aka gina Abuja da su, har gobe kuma tifofi ba su daina sauka da tsakuwa ba. Abin da aka bar mana shi ne manyan ramuka, da tsibin jar ƙasa da tsakuwa nan da can. A 2020 mutanen cikin gari suka gano tafkin Crushed Rock a intanet, suka riƙa tururuwa suna ɗaukar hoto. Su ruwa da dutse suke zuwa kallo. Samarinmu kuwa idonsu na kan tsibin ƙasar nan, don kowane tsibi a wurinsu wajen tashi sama ne da babur.

Babur kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, zamanin minista Nasir El-Rufai, sana'ar ta tattaro ta dawo unguwannin gefe irin namu. Da Kano ta hana a farkon 2013, wasu daga cikinmu suka ƙaru da babura a bayan mota. Yau da wuya ka shiga gidan Bahaushe a nan ba ka tarar da Boxer a jingine a zaure ba, shi ne cefane, shi ne kuɗin makaranta, shi ne motar asibiti in dare ya yi. Yaro yana tashi yana ganin makulli a rataye, kuma a wayarsa yana ganin Turawa suna shawagi a sama da babur kamar shirwa.

Yaron namu shekararsa goma sha tara. Babur ɗin na yayansa ne, wanda ya karɓo a kan biya sannu-sannu, ko rabi bai kai ba. Ranar da yamma, bayan la'asar, ya ce zai je wanki da shi. Abokansa uku suna jiransa a bayan wani tsohon ramin fasa dutse, ɗaya ya riƙe waya. Mun kalli bidiyon a taron ƙungiya, mun maimaita ya fi sau goma, kuma ba mu yada shi ba, muna roƙon wanda yake da shi ya goge. Ya taho a guje, a zaune daram a kan kujera, da silifas a ƙafa, kai ba hula. Da ya zo dab da bakin tudun sai tsoro ya kama shi, ya saki totur. Kan babur ya nutse ƙasa, bayan ya ɗaga, ya wuce ta saman kai, babur ya biyo shi. Ƙashin cinya ya karye, na kafaɗa ma haka. Allah ne ya sa kansa ya faɗa a kan yashi. Taku biyu daga wurin akwai dutse.

Abokan, da kyakkyawar niyya, suka cicciɓe shi suka ɗora a kan wani babur, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suka sauko da shi ta hanyar nan tamu mai gargada. Likita ya ce wannan ɗaukar ta ƙara masa wahala ba kaɗan ba. Kuɗin aikin ya cinye abin da ke asusun ƙungiya, sai da aka zagaya da faranti a masallaci Juma'a biyu. Babur kuwa ƙafafun gaba sun lanƙwashe, tayar gaba ta zama kamar faifai, mai shi kuma bai daina karɓar kuɗinsa na mako ba, haƙƙinsa ne.

A zaman farko babu wanda ya yi gardama. Aka ce an hana, duk yaron da aka gani yana tsalle a ƙwace makulli a kai wa mahaifinsa. Muka tashi muna jin mun yi aiki. Ba a yi wata guda ba sai wani direban tifa ya zo ya ce mana yaranku fa ba su daina ba, wuri suka sake, sun koma can ciki inda ba a ganinsu, kuma tudun da suke hawa yanzu bayansa rami ne mai ruwa. Wato hanin da muka yi bai rage tsallen ba, matsar da shi ya yi zuwa wurin da in an faɗi babu mai gani.

A zama na biyu ne bakaniken nan namu mutumin Agadas, wanda da yawanku kun san shi, ya nemi izinin magana. Mutum ne da ba ya yawan surutu. Ya ce yana yaro lokacin da gasar Paris-Dakar, wadda aka fara a ƙarshen Disambar 1978, take ratsa garinsu, kuma a garejin da ake gyara wa baƙi baburan sahara ya koyi aiki, a can ya koyi hawansu. Ya karɓi wayar ya tsayar da bidiyon daidai inda tayar gaba ta bar ƙasa. Ya ce, "Ku duba hannunsa na dama. Yaron nan bai faɗi a sama ba, tun a ƙasa ya faɗi. Saman kammalawa kawai ya yi."

Malam, wanda shi ne babba a cikinmu, ya ce, "To yanzu so kake mu buɗe musu makarantar karya ƙafa? Addini ya hana mutum ya kai kansa ga halaka." Bakanike ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ne. Amma mahayin doki ma ba a hana shi sukuwa, koya masa zama ake yi. In an ba ni su, abu na farko da zan koya musu shi ne wane babur ne ba a tsalle da shi." An yi ta ja har aka kira magariba. Ba a tashi da baki ɗaya ba, amma masu rinjaye suka ce a gwada. Abin da ke biye shi ne abin da muka gani da idonmu a asabar ɗin da suka biyo baya, har wasu daga cikinmu masu furfura suka hau suka gwada.

Ranar farko bai tayar da inji ba. Ya kawo wani tsohon Honda XL 125 ɗan Kwatano da ya daɗe yana haɗawa a garejinsa, irin wanda malaman gona da ma'aikatan lafiya ke shiga ƙauyuka da shi, ya ajiye shi kusa da Boxer. Ya sa yara su danna gaban kowanne su gani. Shakazobar gaba ta Boxer iyakar nutsewarta santimita goma sha biyu ne ko sha uku, daga nan ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ta XL ta fi ta tafiya sosai, baburan gasar tsalle na gaske kuwa, irin su Yamaha YZ da Honda CRF da KTM, tasu tana kai santimita talatin. Tayar gaban babur ɗin daji inci 21 ce, mai haƙora, ta Boxer inci 17 ce, an yi ta don kwalta. Tsakanin cikin inji da ƙasa, na gasa ya kusa ninka na acaɓa. Matakin ƙafa na acaɓa roba ce mai santsi, na daji ƙarfe ne mai tsini da ke kama takalmi.

Ya ce kada wanda ya zagi Boxer, jaki ne mai amana, zai ɗauki mutum biyu da buhun masara ya hau tudun Mpape bai yi tari ba. Amma wanda ya ƙera shi bai ƙera shi don ya faɗo daga sama ba. In ya dira, shakazoba ta ƙare, sauran bugun sai ya wuce cikin wayoyin taya, da wuyan babur, da ƙashin bayan mahayi. Ko ba ka faɗi yau ba, ka bar tsagewa a ƙarfe wadda za ta buɗe wata rana kana ɗauke da matar wani da jaririnta. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi shiga samarin, don dukansu sun san fasinjojinsu. Doka ta farko ke nan, kuma ba ta da sassauci: babur ɗin neman abinci ba ya barin ƙasa.

Sai tsayuwa. Mako biyu cur ba a yi komai ba sai zagaye fili a tsaye a kan matakai, a giya ta ɗaya da ta biyu, har yara suka fara gunaguni. Wanda ya taɓa sukuwa ya san abin: mahayi ba ya zama a sirdi in doki zai tsallake rami, a likkafa yake tsayawa. Haka a nan. Tudun tafin ƙafa a kan mataki, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna matse babur ta wajen tanki da kujera, ƙugu ya ɗan ja baya, ƙirji ya sunkuyo, kai yana saitin kan babur, gwiwar hannu a buɗe a sama ba a manne da haƙarƙari ba. Da ƙafa ake riƙe babur, hannu aikinsa totur da birki da kuloci. Wanda ya ƙanƙame kan babur da hannu, duk girgizar da ta zo sai ta murɗa masa totur ba da saninsa ba.

Dalilin tsayuwar biyu ne. Ƙafafunka su ne shakazoba ta biyu, kuma sun fi ta ƙarfe tsawo. Sannan in kana zaune ka hau tudu, nauyinka yana danne shakazobar baya, da tayar ta bar ƙasa sai ta sako da ƙarfi ta harba bayan babur sama, kai kuma ta tura ka gaba. Gwanaye suna amfani da wannan da gangan don su ƙara nisa, amma sun san yadda za su biya shi da totur. Ɗan koyo bai sani ba. Rabin abin da ya kayar da yaronmu ke nan.

Ɗaya rabin shi ne totur, kuma a nan bakanike ya fi daɗewa. In babur yana hawa fuskar tudu, tayar gaba ce ke fara barin ƙasa, ta baya tana nan tana turawa na ɗan ƙiftawar ido. Abin da tayar baya take yi a wannan ƙiftawar shi ke yanke yadda babur zai kasance a sama. In ka saki totur, inji ya riƙe tayar baya kamar an taka birki, gaba ya rasa mai tallafa masa, sai ya nutse. In kuma ka murɗa da ƙarfi a bakin tudun don burga, gaba ya miƙe sama, ka sauka a kan bayanka babur a kan ƙirjinka. Abin da ake so ba shi da ban sha'awa ko kaɗan: ka zaɓi giyarka tun daga nesa, yawanci ta biyu a ƙaramin tudu, ka daidaita gudunka tun kafin ka iso, ka riƙe totur a wuri ɗaya, inji yana ja a hankali da murya ɗaya, har tayar baya ta bar ƙasa. Ba sauya giya a kan tudu, ba taɓa birki, ba kama kuloci.

Yakan juya wa masu hawa baya ya rufe ido, ya ce shi da kunne yake kallo. In muryar inji ta faɗi kafin bakin tudu, ko ta yi tsawa, sai ya ɗaga hannu tun kafin a sauka, ya ce a koma. Mu da ke gefe muka fara ganewa, har ya zama in yaro ya taho muna iya cewa wannan zai yi kyau, wannan sai addu'a.

Ya kuma ba su wata ƙa'ida da muke ganin ta fi duk sauran amfani. Ya kafa dutse fari kamar taku ashirin kafin tudu. Ya ce duk mai shakka ya tsaya kafin dutsen nan, ba kunya, ba wanda zai yi masa dariya, wanda ya yi dariya ya bar filin ranar. Amma in ka wuce dutsen, shawara ta ƙare, ka riƙe abin da ka riƙe. Yaronmu ba gudu ne kawai ya karya shi ba, sauya ra'ayi ne a wurin da ba a sauyawa. Kuma da a ce abokansa ba su ɗaga waya ba, wataƙila da ya juya tun daga nesa. Shi ya sa aka hana ɗaukar bidiyo a filin, sai mutum ɗaya da bakanike ya sa, don a nuna wa mahayi kuskurensa, a goge a wurin.

Shi kansa tudun ba irin wanda yara suka saba ba ne. Tsibin da tifa ta zubar yana da tsini, fuskarsa a miƙe, bayansa kuma babu komai sai faɗuwa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, wanda shi ne mafi munin sauka. Wani ɗan ƙungiya ya ba da aron filinsa da bai fara gini ba, nesa da rami, nesa da hanyar tifa, nesa da gidajen mutane. Muka kai baro da shebur muka tara jar ƙasa, aka tsince duwatsu, aka yayyafa ruwa aka daddaɓe. Tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Hawansa doguwa ce mai sauƙi, samansa a shimfiɗe kamar tebur, tsawon babur ɗaya da ɗan ɗori, sannan gangara a ɗaya gefen. Hikimar tebur ɗin ita ce in gudunka bai kai ba, a kansa za ka sauka ka gangara lafiya. Tudu biyu masu rami a tsakani, irin na bidiyo, wanda bai kai ba da ƙirji yake karɓar tudu na biyu. Kafin kowa ya hau, sai ya taka tudun da ƙafa ya duba ko ruwa ya ci gefe, ko akuya ta bar rami, ko wani yaro ya jefa dutse.

Hawan farko ba tsalle ba ne. Ana bi ta kansa ne a hankali, tayoyi biyu a ƙasa, sau ashirin, sau talatin, a tsaye, ido yana kallon inda za a sauka da abin da ke gabansa, ba tayar gaba ba. Sannan a ƙara gudu kaɗan, kaɗan ƙwarai, har babur ya fara yin sauƙi a sama, har wata rana tayoyi su rabu da ƙasa da faɗin tafin hannu. Wani malamin makaranta a cikinmu ya yi musu lissafi a ƙasa da tsinke. A gudun kilomita 30 a awa, babur yana cin mita takwas da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Rabin daƙiƙa a sama, wanda bai wuce tashin santimita talatin ba, ya kai ka mita huɗu gaba. In kuma ka ninka gudun, nisan ba ninkawa yake ba, sau huɗu yake zama, haka ma ƙarfin bugun in an faɗi. Yaran da suke ganin ƙarin gudu kaɗan ba komai ba ne suka yi shiru.

A sama, ɗan koyo ba abin da zai yi sai ya zauna a yadda ya tashi: gwiwa a matse, kan babur a miƙe, jiki a tsakiya, ƙafa ba ta barin mataki. Gaskiya ne akwai gyara. In gaba ya nutse, murɗa totur yana sa tayar baya ta juya da sauri ta ɗan ɗago shi, in ya yi sama da yawa, kama kuloci da taɓa birkin baya yana sauke shi. Bakanike ya faɗa musu don su sani, amma ya ce a ƙaramin tudu babu lokacin yin wannan, ƙaramin inji kuma gyaransa kaɗan ne, kada wanda ya dogara da shi. Wajen sauka, tayoyi biyu su taɓa kusan tare, daidai da kwanciyar gangara, totur a ɗan buɗe don babur ya miƙe ya ci gaba, gwiwa da hannu su lanƙwashe su shanye bugun. Birkin gaba a lokacin dira, ko sauka da kan babur a karkace, su ne ke kayar da wanda ya riga ya yi tsalle mai kyau.

Kaya kuma ba mu yi wasa da su ba. Manyanmu suna tuna farkon 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta hular kwano, yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka, har labarin ya zagaya duniya ana dariya. Mu a Mpape ƙwaryarmu ita ce hular leburan gini da ta masu fasa dutse. Waccan an yi ta ne don abin da zai faɗo maka daga sama, ba don kai ka faɗi a guje ba, kafin ka kai ƙasa ta riga ka tashi. Hular da ake so mai rufe haɓa ce, daidai kai, a ɗaure igiyarta. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko ba a ga tsaga ba, saboda haka a yi hattara da na gwanjo. Sai takalmi mai tauri da ya rufe idon sawu, safar hannu, tabarau saboda ƙura, dogon wando mai kauri, da abin kare gwiwa. Mai silifas ko ɗan sarki ne kallo zai yi. Wanda bai kai sha takwas ba, ko ba shi da lasisi, ko mahaifinsa bai zo da bakinsa ya yarda ba, haka. Wanda kuma aka ga idonsa ya sauya, mun san abin da ake sha a bayan gari, ba sai mun faɗa ba, ba ya taɓa makulli.

Abu ɗaya muke roƙon kowa ya riƙe, ko bai taɓa hawa babur ba, don mu ma ba mu san shi ba sai da ya same mu. In mutum ya faɗi daga babur, kada a cicciɓe shi, kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. Kada a cire masa hula sai in numfashinsa ya tsaya ko yana shaƙewa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da wuyansa a yadda suke, wani ya danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, wani ya kira 122 na FRSC ko 112. In dole sai an ɗauke shi, a kan abu mai faɗi da tauri, kamar ƙyaure, a cikin mota. Karayar cinya tana iya zubar da jini fiye da lita guda a ciki ba a ga ɗigo a waje ba. Wanda kuma ya bugu a ka, ko ya tashi yana dariya, in ya fara amai ko barci ko magana ba kan gado, asibiti. Masu ɗorin gargajiya muna girmama su, da yawanmu sun ci moriyarsu, amma a fara ɗaukar hoto a ga abin da ke ciki.

Abin da ba mu zata ba shi ne waɗanda suka fi amfana ba masu son tsallen ba ne. 'Yan acaɓa magidanta suka fara zuwa kallo, suka ɗauki ɗagawa daga kujera in za a wuce rami, da kallon nesa, da barin finciko totur, suka kai su hanyar Arab Road da ta Berger da damina ta farfasa. Ɗaya ya ce shekara goma sha ɗaya yana sana'ar, sai yanzu ya gane abin da ke sa bayansa ciwo. Daga cikin samari goma sha huɗu da suka fara kuwa, shida sun daina zuwa da suka ga abin maimaici ne da gumi, babu tafi. Biyu mun ji sun koma bayan rami, mun je mun sami iyayensu, ba mu san ko ya yi amfani ba. An faɗi a filinmu ma, sau uku, ɗaya ya gurɗe a hannu ya yi mako biyu bai fita aiki ba. Ba za mu ce wa kowa abin ba shi da haɗari ba.

Malam har yau bai taka filin ba, kuma bai janye maganarsa ba. Ya dai aiko da jikansa da saƙo cewa in lokacin sallah ya yi a kashe inji, ana kuwa kashewa. Yaron namu yana zuwa a bayan babur ɗin wani, ya zauna a kan benci da sandarsa kusa da farin dutsen nan, shi ke ɗaga hannu in hanya ta buɗe. Ranar nan wani sabon zuwa ya tambaye shi, "Yaya, in ka warke za ka sake?" Ya ce sai ya gama taya yayansa biyan kuɗin babur tukuna, saura wata bakwai.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu kuma ba a yi ruwa ba, za a gyara tudun da safe, don ruwan makon jiya ya ci gefensa na hagu. Ana neman baro ɗaya da shebur biyu. Hulunan da muke da su uku ne, ɗaya ta yi wa yawancin yaran girma, wanda yake da mai rufe haɓa da bai taɓa faɗuwa da ita ba ya kawo wa sakatare bayan sallar Juma'a.